Hawan Burj Khalifa: amsoshi ga ƴan kasuwarmu na Yamai masu zuwa sari Dubai

Mutanenmu na Babbar Kasuwa da Wadata da yawa suna tahiya Dubai sari, amma in ka bincika sai ka tarar daga otel sai shagunan unguwar Deira sai wurin masu kargo, shikenan a dawo gida. Dogon benen nan da ake hangowa daga ko'ina cikin garin, kaɗan ne cikinmu suka taɓa hawa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kai.

Wai tsawonshi nawa ne, kuma har ƙoli ake kai mutum?

Mita 828, hawa 163, kuma tun da aka buɗe shi ranar 4 ga Janairu 2010 babu ginin da ya kai shi tsawo a duniya. A 2004 aka fara aikin, da farko sunanshi Burj Dubai, sai ranar buɗewa aka sa mishi sunan Sheikh Khalifa bin Zayed, shugaban Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na lokacin. Wanda ya san hasumiyar masallacin Agadas, mita 27 ce, to sai an ɗora irinta talatin bisa juna kafin a kusa kamo shi.

Amma ba ƙoli ake kai ka ba. Wurin kallo da akasarin mutane ke zuwa yana hawa na 124 da na 125, kusan mita 452 daga ƙasa, sai wani a hawa na 148 mai mita 555 wanda aka buɗe a 2014.

Alhaji, wane tikiti zan saya, na 124 ko na 148?

Hajiya, ni dai shawarata na 124 da 125 ya ishe ki. Na 148 ya hi tsada nesa ba kusa ba, ana tarbarki da dabino da abin sha, akwai wurin zama, mutane ba su cika yawa ba kuma ba ki daɗewa bisa layi, amma garin da za ki gani shi ne dai wanda na ƙasanki ke gani. In mutum ya riga ya kai mita ɗari huɗu da wani abu, ƙarin mita ɗari ba ya canza ma ido abu mai yawa. Wanda ya zo da tsoho ko tsohuwa da ba su iya doguwar tsayuwa, to shi kam kuɗin na 148 ba asara ba ne.

Abin da ya hi hawan muhimmanci shi ne lokaci. Tikitin da awa yake, ana rubuta miki ƙarhen da za ki shiga, kuma na wajen faɗuwar rana ya hi na sahe tsada kuma shi ke saurin ƙarewa. Ki saya ta intanet tun kwana biyu ko uku kafin ranar, kar ki bari sai kin isa bakin gishe.

To wane lokaci ne ya hi kyau?

Nan ne mutane ke yin asarar kuɗinsu. Dubai gari ne na bakin teku kuma bakin hamada, lokacin zahi, daga Yuni zuwa Satumba, turɓaya da laimar teku suna haɗuwa su yi hazo, ka hau sama ka tarar nesa duk ta yi fari fat. Daga Nuwamba zuwa Maris sama ta hi washewa. In Allah ya sa sarinka ya faɗo cikin watannin nan to ka dace.

Cikin yini kuma, in aljihu ya yarda, ka shiga kamar awa ɗaya da rabi kafin magariba. Za ka ga garin da rana, ka ga rana na faɗawa wajen teku, sannan ka tsaya har a kunna hitilu, kallo iri uku da tikiti ɗaya, tunda in ka hau ba wanda ke koro ka da wuri. A Disamba rana na faɗuwa wajen biyar da rabi agogon Dubai, kuma ka tuna suna gaban Nijar da awa uku, kar agogon salularka ya ruɗe ka. Wanda ke son rahusa ya je da sassahe, ba cunkoso, hoto ma ya hi hitowa.

Daga Deira ta ina zan bi?

Metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, ya hi sauƙi. Ka shiga layin kore a tashar Baniyas Square, ka sauya zuwa layin ja a Union, ka sauka a Burj Khalifa/Dubai Mall. Sai ka sayi katin Nol, wanda da shi ake biyan kuɗin jirgin, kuma akwai taragon mata da yara, in namiji ya shiga sai a ci shi tara. Daga tashar akwai doguwar gada rufaffiya mai sanyi da ke kai ka cikin Dubai Mall, ƙofar hawan tana can cikin kasuwar a hawan ƙasa, ka bi alamar At the Top. Kar ka nuhi gindin benen kai tsaye, can ƙofar otel ce da ta mazauna gidan. Kasuwar tana da girma ƙwarai, ka ba kanka minti arba'in na tahiya da ɓacewa da bincike, kuma kayan sari ka bar su a otel, ba a hawa da manyan jakunkuna. Akwai wuraren salla cikin kasuwar, na maza da na mata.

Ni ina jin tsoron bisa, ba hatsari?

Asansar ɗin na gudun mita 10 cikin daƙiƙa ɗaya, minti ɗaya da ɗan wani abu ka isa, kuma a ruhe yake ba ka ganin waje. Kunne ne kawai ke toshewa, ka haɗiye miyau ya buɗe. A sama gilashi ne mai kauri ya kewaye ko'ina, har barandar hawa na 124 da ke waje inda iska ke bugunka. In jiri ya kama ka kar ka kalli ƙasa, ka kalli nesa, ka ja baya kaɗan har zuciya ta kwanta.

Mi ake gani daga can?

Babban titin Sheikh Zayed da dogayen benayen da kana ƙasa sai ka ɗaga kai kake ganin ƙarshensu, yanzu duk suna ƙarƙashinka. Gefe guda teku, da tsibiran da aka cike da yashi, da otel ɗin Burj Al Arab, in sama ta washe har tsibirin nan mai siffar dabino ana hangowa. Ɗaya gefen kuma, wanda ni ya hi taɓa ni, hamada ce, kana ganin daidai inda gini ya ƙare rairayi ya fara. Ɗan Nijar in ya ga wannan dole ya yi tunani, don yashin da muka sani ne, ba wata ƙasa ta daban aka ba su ba. In ka leƙa wajen Deira za ka gane unguwar da muke kwana muna tashi ciki wani ɗan lungu ne na garin.

A gindin benen akwai tabkin da ruwa ke rawa da hitilu, ana farawa ƙarhe shida na yamma, duk rabin awa. Daga sama kana ganin zanen shi gaba ɗaya, amma in ka sauko ka tsaya ka kalla daga bakin tabkin ma, nan kyauta ne.

Malam, da gaske ne na sama ba su shan ruwa tare da na ƙasa cikin azumi?

Gaskiya ne. Saboda tsawon, wanda ke sama yana ci gaba da ganin rana bayan ta ɓace ma na ƙasa. A 2011 malaman Dubai suka yi bayani cewa waɗanda ke sama da hawa na 80 su ƙara minti biyu bayan kiran salla, na sama da hawa na 150 kuma minti uku. Hawa na 124 da 125 da 148 duk suna cikin na minti biyu kenan, don haka in ka hau da azumi a bakinka kar ka bi agogon ƙasa, ka jira har ranar ta faɗi a inda kake tsaye.