Boys State da Girls State: Yadda Matasan Amurka Ke Kafa Gwamnatin Gwaji Cikin Mako Guda

Mene ne wannan shiri, kuma wa ya kafa shi?

Shiri ne na mako guda da ake yi a lokacin hutun bazara, inda ake tara ɗaliban sakandare a harabar wata jami'a domin su kafa gwamnatin jiha ta gwaji su kuma tafiyar da ita da kansu. Ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka, American Legion, ita ce ta fara shi da sunan Boys State domin samari a shekarar 1935 a Springfield, babban birnin jihar Illinois, bisa shawarar mambobinta biyu, Hayes Kennedy da Harold Card. A 1937 reshen mata na ƙungiyar ya ɓullo da Girls State domin 'yan mata. Masu halarta ɗalibai ne da shekara ɗaya ta rage musu su kammala sakandare, kuma galibi rassan ƙungiyar ne ke tantance su tare da ɗaukar nauyinsu.

Yaya rana guda take kasancewa a can?

Ana tashi da sassafe, a taru a ɗaga tuta, sannan a karya kumallo. Tun ranar isowa an riga an raba mahalarta zuwa "birane", wato rukunin waɗanda ke kwana a sashe ɗaya na ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma birane kaɗan ne ke haɗuwa su zama gunduma. Saboda haka zaman safe yakan fara ne da taron birni, inda magajin gari da kansilolinsa, waɗanda 'yan uwansu suka zaɓa, ke tattauna dokokin da za su bi.

Da hantsi aiki yake rarrabuwa. 'Yan majalisar wakilai da na dattawa suna rubuta ƙudurori, su kai su kwamiti, su yi muhawara bisa ƙa'idar zaman majalisa, ta yadda ba wanda zai buɗe baki sai shugaba ya ba shi dama. Masu sha'awar shari'a, a jihohi da dama, sai sun ci wata gajeriyar jarrabawa kafin su tsaya gaban alƙali a matsayin lauyoyi. Wasu kuma suna can suna haɗa jaridar sansanin. Bayan azahar akan ba da lokacin wasanni, amma ɗan takarar da ke neman kujerar gwamna ba ya samun wannan hutu, domin yana bin jama'a ɗaya bayan ɗaya yana neman goyon baya. Da dare ake babban taro, inda 'yan takara ke jawabi, ko a gayyato alƙali ko ɗan majalisa na gaske ya amsa tambayoyi.

Me ya sa ba a barin matashi ya zaɓi jam'iyyarsa?

A ganina nan ne hikimar shirin take. Ana jefa kowa cikin ɗaya daga jam'iyyu biyu na ƙirƙira, waɗanda galibi ake kira Nationalist da Federalist, ba tare da an tambayi ra'ayinsa ba, kuma jam'iyyun ba su zo da wata manufa a rubuce ba. Dole yaron da ya taso a gidan 'yan Republican ya zauna da wanda iyayensa 'yan Democrat ne, su yi ta ja-in-ja a kan haraji da mallakar bindiga da kuɗin makarantu har sai sun fitar da matsayar da mafi rinjaye za su amince da ita. Darasin aji ba ya koyar da wannan, kamar yadda ba ya koya wa mutum yadda zai sha kaye da safe, da yamma kuma ya koma yi wa wanda ya kayar da shi yaƙin neman zaɓe.

Dokokin da suke zartarwa suna da wani ƙarfi?

Ba su da shi, iyakarsu sansanin. Sai dai wani lokaci sukan ja hankalin ƙasa, kamar a 2017 da mahalarta Boys State na Texas suka kaɗa ƙuri'ar ɓallewar jiharsu daga Amurka, abin da jaridu suka yi ta yayatawa.

Me ke biyo bayan makon?

Kowane shiri na jiha yana zaɓen mutum biyu su tafi birnin Washington a matsayin sanatoci a irin wannan shiri na matakin ƙasa, maza zuwa Boys Nation da aka fara a 1946, mata kuma zuwa Girls Nation da ya biyo baya a 1947. Ta wannan hanya ce Bill Clinton, yana wakiltar Arkansas, ya gaisa da Shugaba John F. Kennedy a Fadar White House a watan Yulin 1963.

Wane suka ake yi wa shirin?

Babba shi ne raba maza da mata, alhali majalisun da ake kwaikwaya a haɗe suke, kuma wannan suka yana da nauyi. Akwai kuma masu cewa ƙarancin lokaci yana fifita mai kaifin baki a kan mai zurfin tunani, domin cikin 'yan kwanaki masu zaɓe ba su da abin auna ɗan takara sai jawabin 'yan mintoci da ya yi a gabansu.