Rawar Ƙafa ta Mutanen Ayalan

Rawar ƙafa ta ƙasar Ayalan rawa ce ta gargajiya wadda mai yinta daga ƙugu zuwa sama yake tsaye ƙyam kamar soja a fareti, hannuwa a maƙale a gefen jiki, amma ƙafafun nan sai ka rantse ba nasa ba ne don tsabar sauri. Tsohon salon da ake kira sean-nós, na yankin Connemara, shi kam ana sakin hannu kuma ƙafa ba ta nisa da ƙasa.

Tun wajejen ƙarni na 18 akwai malaman rawa masu bin ƙauyuka musamman a kudu, su Kerry da Cork da Limerick, malami ya sauka gari ya yi 'yan makonni yana koya wa yara sannan ya ƙara gaba, kuma ana ba da labarin gwanaye suna rawa a kan ƙyauren ƙofa da aka cire aka shimfiɗa, ko bisa ganga, wato fili kaɗan ya ishe su. Ƙungiyar raya harshen Ayalan, Conradh na Gaeilge, da aka kafa a 1893 ita ta ɗauki rawar a matsayin alamar ƙasa, daga baya ta samar da hukumar da ke tsara dokoki da jarrabawar malamai. Gasar duniya ta farko a Dablin aka yi ta a 1970.

Takalma iri biyu ne. Ɗan koyo da mai laushi yake farawa, na baƙar fata mai igiya, ba ya ƙara ko kaɗan. Sai ƙafa ta nuna tukuna a ba shi mai tauri, wanda aka sa wa wani abu mai ƙarfi a gaba da dunduniya, shi ne ke ba da ƙas-ƙas ɗin nan kamar ana kiɗa da dabe. A darasin farko dai ba wani tsalle mai burgewa, malama za ta ce ka juya yatsun ƙafa waje, ka sa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, ka ɗage dunduniya, sai taku bakwai zuwa gefe da uku-uku a wuri ɗaya, a yi ta maimaitawa har sharaɓa ta fara zafi. Duk takun da aka yi da dama sai an maimaita shi da hagu, nan ne da yawa suke rikicewa. Kiɗan kuma kala-kala ne, akwai ril mai bugu huɗu, akwai jig, akwai slip jig mai tara wanda galibi mata ne ke yi.

Gasarsu ana ce mata fesh, 'yan mata su sha riguna masu aiki da gashin kanti nannaɗaɗɗe, kuma gaskiya kuɗin kayan nan ba wasa ba. Duniya ta san rawar sosai ne a 1994, lokacin da Michael Flatley da Jean Butler suka yi wasan rawa mai suna Riverdance na minti bakwai a hutun gasar waƙa ta Eurovision a Dablin.