Waiwaye: Hukuncin Kyaftin Janeway kan Tuvix ya faro ne daga huhun Neelix

Tun 1996 masu kallon Star Trek: Voyager, shirin talabijin mai dogon zango kan wani jirgin sararin samaniya, suke ja-in-ja kan tambaya ɗaya: Kyaftin Kathryn Janeway kisan kai ta yi wa Tuvix, ko rai biyu ta ceto? Gardamar ta sake tashi a 2023, da shirin zane Lower Decks ya buɗe zangonsa na huɗu da tono lamarin.

Labarin sananne ne. Na'urar ɗaukar mutum daga wuri zuwa wuri ta haɗe Tuvok, shugaban tsaro, da Neelix, mai girkin jirgi, sanadiyyar wani fure da suka tsinko, sai mutum ɗaya ya fito, shi ne Tuvix. Ya yi makonni yana aiki, ya yi abokai. Da aka gano hanyar raba su, ta wani sinadari da ke yi wa ƙwayoyin halittar ɗayansu alama, Tuvix ya ce ba ya son mutuwa. Likita ya ƙi taɓa shi ba da yardarsa ba, Janeway ta karɓi allurar ta yi da hannunta. Masu kare ta kan koma farkon shirin, inda ta tarwatsa hanyar komawa gida don kare al'ummar Ocampa, jirgin ya maƙale a nisan tafiyar shekara 75. Suna cewa mai irin wannan nauyi ba ta da zarafin rasa ma'aikata biyu.

Amma akwai wani kashi na shirin da ba a cika kawowa ba, mai suna Phage, na Fabrairun 1995. 'Yan Vidiian, waɗanda cuta ke cin namansu har suka koma satar sassan jikin wasu, sun cire wa Neelix huhu duka biyu. Likita ya haɗa masa huhun wucin gadi, da sharaɗin ya kwanta ko motsi babu. Janeway ta kama mutum biyu daga cikinsu, ta tarar an riga an dasa huhun a ƙirjin ɗayansu. Ƙwato shi na nufin kashe shi. Ga kayan sata, ga mai shi kwance rai a hannun Allah, ga iko a hannunta, amma ta ce al'adarta ba ta halatta kashe wani don a raya wani ba. Ta sake su da gargaɗi mai tsanani. Sai bayan ta yanke wannan hukunci ne suka taimaka aka dasa wa Neelix huhu ɗaya na Kes, budurwarsa.

A nan tushen rigimar yake. Neelix ɗin nan dai ne ake son cetowa a karo na biyu, kuma wanda za a sadaukar bai saci komai ba, haɗari ne ya samar da shi. Ƙa'idar da ta kare mai cin moriyar sata ba ta kare marar laifi ba. Abin da ya sauya shi ne a Phage mafita ta uku ta ɓullo, a Tuvix kuwa babu, kuma waɗanda za a rasa nata ne na kusa: Tuvok tsohon amininta ne, yana da mata da 'ya'ya a duniyarsu ta Vulcan, Kes kuma ta zo mata da hawaye kan Neelix.

Hujjar cewa rai biyu sun fi rai ɗaya tana da ƙarfi, domin Tuvok da Neelix ba wanda ya nemi yardarsu kafin a haɗe su. Sai dai wanda ya karɓe ta dole ya faɗi inda ta bambanta da lissafin 'yan Vidiian, waɗanda jikin mutum ɗaya kan iya raya musu marasa lafiya da yawa.