Shinto ba reshen addinin Buddha ba ne

An daɗe ana cewa duk wurin bautar da ke Japan na mabiya Buddha ne, wai Shinto wani suna ne kawai na addinin. Ba abin mamaki ba ne a ɗauka haka, domin addinan biyu sun cakuɗe tsawon ƙarnuka, sai a 1868 gwamnati ta raba su a hukumance.

Shinto a Japan ya samo asali. Ba shi da wanda ya kafa shi, kuma mabiyansa suna girmama abin da suke kira kami, wato alloli ko ruhohi, waɗanda ake dangantawa da duwatsu, bishiyoyi, koguna da magabata. Addinin Buddha kuwa daga Indiya ya taso, ya shiga Japan ta Koriya a ƙarni na 6.

Mai son tantancewa ya duba hoton wurin. Shinto yana da ƙofar torii, ginshiƙai biyu da sanduna a sama, sau da yawa ja. Maziyarci kan wanke hannu da baki, ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake rusunawa. A wurin Buddha ba a tafi, sai turare da mutum-mutumin Buddha. Sunan ma yana nunawa: idan sunan wurin ya ƙare da jinja ko jingu na Shinto ne, idan da ji ko dera na Buddha ne.

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.