Gungun Zuma Ya Sauka a Gidanku? Kada Ku Sa Masa Wuta

Jama'ar Yauri da ƙauyukan bakin kogin Neja, daga ƙarshen damina har zuwa lokacin da mangwaro da ɗorawa ke fure, za ku riƙa ganin gungun ƙudan zuma ya dunƙule a reshen bishiya ko ƙarƙashin rumfa. Abin da aka saba shi ne a ɗauko yayi a cinna masa wuta. Ina roƙonku don Allah a daina.

Wannan gungu ƙaura yake yi. Idan amya ta cika, tsohuwar sarauniya kan fita da kusan rabin ƙudan, ta bar wa sabuwa gida. Sukan yada zango na wasu sa'o'i ko 'yan kwanaki, wasunsu na yawon neman kogon da za su zauna. Cikinsu cike yake da zuma, ba su da 'ya'ya ko saƙar da za su tsare, shi ya sa faɗansu ke raguwa. Duk da haka zumarmu ta Afirka tana da saurin fushi. A janye yara, a kwance awaki da jakunan da ke ɗaure kusa, kada kowa ya yi jifa, sannan a kira mai kiwon zuma.

Kai kuma mai amya, ka zo da yamma lis, ka rufe fuska da hannuwa. Shafa kakin zuma a cikin amyar, ka tara ta ƙarƙashin gungun, ka girgiza reshen da ƙarfi sau ɗaya. In sarauniya ta faɗa ciki, sauran za su bi ta da kansu. Bari duhu ya yi kafin ka ɗauka.

Inda za ka ajiye ta ya fi ba ni damuwa, domin kogi ba ya shawara. Ka duba iyakar inda ambaliya ta kai a shekarun baya, ka kafa amya sama da nan, a inuwa, nesa da mashaya da hanyar mata masu ɗiban ruwa. Shafa baƙin mai a ƙafafun abin da ka ɗora ta a kai saboda cinnaka.

Masu lambu, ku ma da ku ake. Kankana, kabewa da irin albasa suna samun albarka ne saboda zumar da ke yawo a furensu. Feshin maganin ƙwari da hantsi yana kashe su, don haka a bar shi sai dab da magariba.

Wanda zuma ta harba, a kankare ƙarin nan take, a sa ruwan sanyi. Idan fuska ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko harbin ya yi yawa a jikin yaro, a garzaya asibiti ba tare da jira ba.