Aikin Talla Mai Taget

Aikin talla mai taget aiki ne da kamfani ke yanka wa ma'aikaci adadin cinikin da zai kawo a mako ko a wata, sannan a rataya kamashonsa, ƙarin girmansa, har da zamansa a bakin aiki a kan cika wannan adadi. A Sakkwato an fi ganinsa a bankuna da kamfanonin inshora, da wajen masu sayar da layukan waya da raba na'urorin POS. Masu yin sa ana ce musu 'yan maketin.

Tsarin ya yi ƙarfi a bankunan Najeriya bayan 2004, lokacin da gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ɗaga jarin kowane banki zuwa naira biliyan 25. Kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25, waɗanda suka tsira kuma suka shiga rububin masu ajiya. Da yawan 'yan maketin ba ma'aikatan bankin ba ne kai tsaye. Wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne ke kawo su a kan kwantiragi, shi ya sa sallamarsu ba ta da wuya.

Taget shi kaɗai ba laifi ba ne, domin ko yaron shago maigidansa na duba abin da ya sayar. Inda aikin ke lalacewa shi ne a yanka adadin da ba ya cikuwa, a kuma mai da tsoro abin tafiyar da ma'aikata. A taron safe manaja kan karanto sunaye da abin da kowa ya kawo, wanda ya gaza a tsayar da shi gaban abokan aiki, takardar tuhuma ta biyo baya. Saƙon WhatsApp bai san dare ko ranar hutu ba. Wanda ya cika na wannan wata kuwa, sau da yawa sakamakonsa ƙarin adadi ne a wata mai zuwa.

A Sakkwato nauyin na da nasa salo. Yawanci daga hedikwata a Legas ake tsara adadin, alhali Arewa maso Yamma na cikin yankunan da suka fi ƙarancin masu asusun banki, kuma 'yan kasuwa da dama na ƙyamar duk abin da ya shafi kuɗin ruwa. Ɗan maketin zai bar ofis a Hanyar Kano, ya zaga Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa da Kasuwar Kara, wani lokaci har Illela, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, kuɗin kabu-kabu kuma daga aljihunsa. Da yake ciniki a garin da sanayya da amana yake tafiya, da dangi yake farawa: kawu, surukai, abokan makaranta. Idan wata ya zo ƙarshe sai roƙo: "Alhaji, don Allah a bar kuɗin su kwana biyu a asusun, kada su kore ni." Mutuncinsa da na gidansu yake jinginarwa, ribar kuma ta kamfani ce. Mata kan haɗu da ƙarin matsala daga masu kuɗin da ke ɗaukar neman ajiya a matsayin wata ƙofa ta neman su da lalata.

Matsi irin wannan kan haifi maguɗi. Fitaccen misali shi ne bankin Wells Fargo na Amurka, wanda aka ci tarar dala miliyan 185 a 2016 bayan ma'aikatansa sun buɗe asusu kusan miliyan 2 ba da sanin masu su ba. Ma'aikata kimanin 5,300 aka kora. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki a matsayin matsalar da ke tasowa daga damuwar wajen aiki da aka kasa shawo kanta.

Ta fuskar doka, gyaran tsarin mulki na 2010 ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron rikicin aiki, kuma a 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wajen aiki. Ƙungiyoyin ASSBIFI da NUBIFIE ne ke wakiltar ma'aikatan banki da inshora, sai dai 'yan kwantiragi, waɗanda su ne suka fi shan matsin, galibi ba sa cikinsu.