Wai "mahaifa ta bushe", mi ake nufi da wannan magana?

Wallahi na gaji da jin kalmar nan. Ki hau taksi daga Wadata zuwa Harobanda, direba ya kunna rediyo, sai ki ji mai maganin gargajiya yana ta zuba, wai yana da maganin bushewar mahaifa, kwalba ɗaya jika biyar, kwana bakwai al'ada ta dawo. A WhatsApp ma haka, duk macen da jininta ya ɗauke an gama yanke mata hukunci, mahaifa ta bushe.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mahaifa dabam, gidan ƙwai dabam, amma mu komai na cikin mace mahaifa muke ce mishi. Mahaifa ita ce ɗakin da jariri ke kwana wata tara. Gidan ƙwai kuwa, wanda ake rubuta ovaire a takardar eko, wato hoton ciki, guda biyu ne, dama da hagu, kowanne kamar dabino, tsawon santimita 3 zuwa 4, shi ke ajiye ƙwai kuma shi ke fitar da sinadarin estrojen da ke tafiyar da al'ada. In likita ya rubuta atrofi to nufinsa gidan ƙwan ya motse. Kalmar daga Girkanci ta fito, ma'anarta rashin ciyarwa, wato gaɓar da aka yanke ma abinci har ta ƙanƙance. In hakan ya zo tsakanin shekara 45 da 55 ba ciwo ba ne, lokaci ne ya yi. In ya zo kafin shekara 40 shi ne ake bincike, kuma yana samun kamar mace 1 cikin 100. Maganin ciwon daji na jawo shi, tiyatar da aka yanke wani ɓangare na gidan ƙwan ma haka, wani lokaci garkuwar jiki ce ke juyowa ta cinye shi.

Amma akwai wanda ban taɓa jin masu rediyon nan sun ambata ba. Ɗiyar gwaggona a Tawa, haihuwarta ta uku jini ya ɓalle mata, da ƙyar aka ceto ta bayan an yi mata ƙarin jini. Nono bai zo ba sam, da madarar gwangwani aka raini yaron. Shekara biyu ba al'ada, gashin hammata ya zube, kullum gajiya, ana tsakiyar zafin Afrilu ita tana lulluɓe da zane tana jin sanyi. Dangi suka ce mahaifa ta bushe, wasu suka ce hannun kishiya ne, jiƙo kam ba irin wanda ba ta sha ba. Da aka kawo ta Yamai, likitar ko taɓa cikinta ba ta yi ba sai da ta tambaye ta, "Baiwar Allah, ranar haihuwar nan kin zubar da jini sosai? Nono ya zo?" Gwaggo ta ce, "Likita ya akai kika sani?" Ashe matsalar a kai take. Akwai wata ƴar ƙulluwa kamar ƙwayar wake ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ita ke aika ma gidan ƙwai umarni, in jini ya zuba da yawa sai ta rasa jini ta lalace, gidan ƙwan ya zauna ba mai kiransa har ya motse. Ciwon Sheehan ake ce mishi, sunan likitan da ya bayyana shi a 1937. Ku gaya min wace kwalbar jika biyar za ta gyara wannan?

Kuma abin da ya fi yi min ciwo, duk maganar a kan haihuwa take tsayawa, za ta ƙara ko ba za ta ƙara ba, kamar ita kanta matar ba mutum ba ce. Alhali in estrojen ya ƙare da wuri ƙashi na yin laushi har ƴar faɗuwa ta karya mace, haɗarin ciwon zuciya na ƙaruwa, gaba na bushewa kwanciyar aure ta koma azaba, wasu su kwana cikin zufa ba barci, kuma kunya ba ta barinsu su faɗa. Allurar tsarin iyali da ake ɗora ma laifi, ita jinkirta dawowar al'ada take yi na wasu watanni, wani lokaci har shekara, ba kashe ƙwai take ba.

Ita ƴar'uwar tawa gwajin jini aka yi mata, aka auna FSH, wato sinadarin da ƙulluwar nan ke aika ma gidan ƙwai, da sauran sinadarai, aka ɗora ta kan ƙwayoyin da ke maye abin da jikinta ya daina yi, kullum za ta sha su. Da na je Tawa da sallah na iske ta a tsakar gida tana daka, yaron na ta zagaya turmin.